Kiɗan Da Ake Haɗiye Taliya Da Shi

Duk mai karanta littattafan ƙagaggun labarai ya san cewa marubucin da ya iya aikinsa ba ya tsayawa ya ce maka "gidan nan na masu hali ne." Sai dai ya sa ka ji ƙamshin turaren wuta tun daga bakin ƙofa, ya nutsar da ƙafarka cikin kafet, ya bar agogon bango yana bugawa a hankali, kafin ka ankara ka riga ka yarda. To wannan dabara ba ta marubuta ba ce su kaɗai. A ƙasar Amurka akwai manyan kamfanonin sayar da abinci da suka ƙware a kanta fiye da marubuta da yawa, kuma alƙalaminsu mafi kaifi shi ne kiɗan da ke tashi ƙasa-ƙasa daga lasifikar da ke maƙale a rufin ɗaki.

Ina magana ne a kan gidajen abincin nan masu rassa da yawa da ke sayar da abin da suke kira abincin Italiya, irin su Olive Garden, da Maggiano's, da Carrabba's, da Buca di Beppo, da Romano's Macaroni Grill. Tsarin da aka san su da shi kusan ɗaya ne: haske ɗan daidai mai ruwan zuma, bango mai launin ƙasa kamar na tsohon gidan gona, kwalaben inabi a jere, tsofaffin hotuna marasa launi, ƙamshin tafarnuwa da cuku, sannan muryar wani dattijon mawaƙi tana ratsa ƙarar cokula. Mutum zai zauna a wajen garin Dallas ko Atlanta, ga filin ajiye motoci yana hangowa ta taga, amma kunnensa na gaya masa wai yana ƙasar Italiya.

Tambayar da ya kamata mai karatu ya yi ita ce: muryar wa ake ji? Sunayen da suka zama kamar gishirin irin waɗannan wurare su ne Frank Sinatra, da Dean Martin, da Tony Bennett, da Louis Prima. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka haifa a Italiya. An haifi Sinatra a Hoboken ta jihar New Jersey a 1915. Dean Martin, wanda sunansa na yanka Dino Crocetti, ɗan garin Steubenville ne a jihar Ohio, an haife shi a 1917. Tony Bennett kuwa sunansa na asali Anthony Benedetto, an haife shi a birnin New York a 1926, ya rasu a 2023. Louis Prima ɗan New Orleans ne, haihuwar 1910. Dukkansu 'ya'yan baƙi ne ko jikokinsu, kuma galibin waƙoƙinsu da Ingilishi suka rera su.

Waƙoƙin ma haka suke. "That's Amore", wadda Dean Martin ya rera a 1953, an yi ta ne domin wani fim na barkwanci a Hollywood. Wanda ya tsara kiɗanta, Harry Warren, ɗan baƙin Italiya ne da aka haifa a Brooklyn, wanda ya rubuta baitocin kuma, Jack Brooks, a Liverpool ta Ingila aka haife shi. "Mambo Italiano" ta 1954 ta fi ban dariya: salon rawar daga Kyuba ya fito, mawaƙiyar kuma, Rosemary Clooney, 'yar jihar Kentucky ce, goggon jarumin fim George Clooney. A cikin waƙoƙin da aka fi sani a wannan fage, "Volare" ta Domenico Modugno, wadda ta lashe gasar Sanremo a 1958, tana daga cikin 'yan kaɗan da za a ce daga Italiya suka taso. Kama da wane dai ba wane ba ce.

A nan ne masu sukar waɗannan gidaje suke tsayawa su ce, "Kun gani ko? Duk ƙarya ce, jabun Italiya ce." Ni kuwa a ganina sun yi saurin yanke hukunci. Kiɗan ba na Italiya ba ne, gaskiya ne, amma ba jabu ba ne. Yana da masu shi, kuma masu shi sun sha wuya kafin su same shi.

Bari mu ɗan waiwaya baya. Tsakanin 1880 da 1924 mutanen Italiya kimanin miliyan 4 suka tsallaka teku zuwa Amurka, mafi yawansu talakawan kudancin ƙasar, daga Sisili da Kalabariya da yankin birnin Nafoli. Ba da tabarma aka tarbe su ba. Su ne masu haƙa ramin jirgin ƙasa, su ne a ma'adinai da masaƙu, ana yi musu kallon ƙazamai kuma masu laifi. A 1891, a birnin New Orleans, gungun mutane suka kutsa kurkuku suka kashe 'yan Italiya 11 da ake zargi da hannu a kisan shugaban 'yan sandan birnin, bayan kotu ta kasa kama kowa da laifi. Sai a 2019 hukumar birnin ta nemi gafara a hukumance. A wannan birnin ne aka haifi Louis Prima shekara 19 kacal bayan kisan. A 1924 kuma aka yi dokar shige da fice da ta kusan toshe ƙofa ga mutanen kudancin Turai baki ɗaya.

Idan mai karatu ya san wannan, zai gane dalilin da ya sa Dino Crocetti ya koma Dean Martin, Benedetto ya koma Bennett, zai kuma gane nauyin abin da Sinatra ya yi da ya ƙi yarda a sauya masa suna a farkon tashensa. Lokacin da muryoyin waɗannan samari suka cika rediyon Amurka a shekarun 1940 da 1950, ga iyayensu ba nishaɗi kawai ba ne. Shaida ce cewa ɗan lebura ya sa kwat, ƙasar da ta raina ubansa tana tafa masa. Kiɗa ne na mutanen da suka bar gida, gida ya bar su, suka gina wani gidan da abin da suka tarar.

Abincin ma labarinsa ɗaya da na kiɗan. Taliya da manyan dunƙulen niƙaƙƙen nama a faranti ɗaya girkin baƙi ne da suka iso ƙasar da nama ke da araha, suka cika tukunya da abin da a ƙauyensu sai ranar biki ake gani. Taliyar nan da ake kira Alfredo, a wurin mai ita na asali a birnin Roma man shanu ne da cuku kawai. A Amurka ne aka tsunduma ta cikin kirim na madara. Don haka duk wanda ya ce faranti da waƙar ba su dace da juna ba, bai duba da kyau ba. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Inda nake da ja shi ne wajen wanda ya karɓi wannan gado da abin da yake yi da shi. Olive Garden ba wata tsohuwa 'yar Sisili ce ta kafa shi ba. Kamfanin General Mills, mai sayar da garin fulawa da hatsin karin kumallo, shi ya buɗe reshen farko a Orlando ta jihar Fulorida a 1982, daga baya a 1995 ya koma ƙarƙashin kamfanin Darden, kuma rassansa sun kai ɗaruruwa. Ya yi shekaru yana talla da taken cewa idan kana wurin kai ɗan gida ne. Adon rassa da yawa kuma na gidajen gonar yankin Taskani ne, yankin da ba daga can akasarin baƙin suka fito ba. Wato bango na Taskani, murya ta Hoboken, umarni kuma daga ofis a Orlando.

Buca di Beppo, wanda aka fara a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Minneapolis a 1993, wanda ya ƙirƙiro shi, Phil Roberts, ba jinin Italiya ba ne. Da gangan aka cika bangon da ɗaruruwan hotunan mutanen da babu wanda ya san su a wurin, har da tebur na musamman mai mutum-mutumin Fafaroma a tsakiya. Macaroni Grill kuwa, da Philip Romano ya buɗe a Tekzas a 1988, an san shi da ma'aikata masu rera waƙar opera a gefen tebur, da darussan harshen Italiya da ake sakawa a lasifikar banɗaki. Mai karatu ya lura, har banɗaki ba a bar kunne ya huta ba.

Me ya sa ake wannan wahala? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun a 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da mai tsara kiɗa Victor Herbert ya kai gidan abincin Shanley na New York, wanda ke kaɗa waƙarsa ba tare da biya ba da hujjar cewa ba a karɓar kuɗin shiga. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya ce kiɗan wani ɓangare ne na abin da mai cin abinci ke biya, kuma da ba ya kawo riba da tuni an daina shi. Daga 1934 kamfanin Muzak ya mayar da kiɗan bayan fage sana'a mai zaman kanta, yana aika shi ta waya zuwa otal-otal da gidajen abinci da ofisoshi.

Daga baya masana suka auna abin. A 1986 Ronald Milliman ya wallafa bincikensa a wani gidan abinci a Tekzas: a daren da aka sa kiɗa mai tafiya a hankali, masu cin abinci sun ɗauki kimanin minti 56 a tebur, a daren mai sauri kuma minti 45, sannan kuɗin da suka kashe a kan abin sha ya ƙaru sosai a daren kiɗa mai sanyi. A 1997 Adrian North da abokan aikinsa a Jami'ar Leicester ta Ingila suka gwada wani abu a babban kanti: ranar da aka sa kiɗan Faransa, giyar inabin Faransa ta fi tafiya, ranar kiɗan Jamus kuma ta Jamus, amma da aka tambayi masu sayayya, 'yan ƙalilan ne suka yarda kiɗa ya taɓa zaɓinsu. Ashe in kiɗa ya sauya, ba rawa kaɗai ke sauyawa ba, har da aljihu.

To a nan ne abin yake yi mini ciwo. Muryar da ta kasance tutar nasarar mutanen da aka wulaƙanta an mayar da ita ma'aikacin da ba ya gajiya, ba ya neman ƙarin albashi, aikinsa ya riƙe ka a kujera har ka ƙara kofi ɗaya. An ɗebe wahalar, an ɗebe 1891 da 1924, an bar murmushi da tafarnuwa. Kuma an daskarar da al'umma guda a cikin shekaru goma. Italiya ta ci gaba da rayuwarta: gasar Sanremo da aka fara a 1951 tana fitar da sababbin mawaƙa, ƙungiyar matasan Roma mai suna Måneskin ta lashe gasar Eurovision a 2021 da kiɗan jita mai tsawa. Jikokin baƙin nan kuma sun zama gwamnoni da alƙalan Kotun Ƙoli. Amma a lasifikar gidan taliya har abada suna 1955, suna dariya da ƙarfi, suna cika maka faranti.

Wani zai ce na cika tsanani, kuma yana da hujja. Ga iyalin da ba su da kuɗin jirgi zuwa Roma, gidan da ake ƙara maka burodi da salak ba iyaka shi ne wurin bikin kammala makaranta da na cikar shekara. Hawayen uwar da ɗanta ya sami aiki ba jabu ba ne don kawai hoton da ke bayanta na haya ne. Ban musa ba. Ban kuma ce a kashe lasifika ba, domin ɗaki mai cike da baƙi da babu kiɗa ya fi kama da ɗakin jiran asibiti. Abin da nake cewa shi ne yanayi ba ya maye gurbin gaskiyar girki da ta karɓar baƙo. Macaroni Grill ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2017, Buca di Beppo ya bi sahu a 2024. Dalilan suna da yawa, amma a fili yake cewa waƙa da hotuna ba su isa su riƙe mai ciniki ba.

Akwai wani fim na 1996 mai suna Big Night da ya kama wannan batu da kyau. Wasu 'yan'uwa biyu daga Italiya suna da ɗan gidan abinci a New Jersey a shekarun 1950, babban ya ƙi sassauta girkinsa don ya burge Amurkawa, maƙwabcinsu mai hayaniya da ado kuma yana kwasar ciniki. Suka zuba duk abin da suka mallaka a walimar dare ɗaya saboda an yi musu alkawarin Louis Prima zai zo. Bai zo ba. Washegari da asuba ƙaramin ya soya ƙwai, suka ci tare ba tare da kowa ya ce uffan ba, babu kiɗa ko kaɗan. A wannan shirun ne mai kallo yake ganin iyalin da tallace-tallace suke ta alkawari.

Mu masu karatu da rubuta labarai muna da rabonmu a nan. Sau nawa marubuci ke son kai jarumarsa wata ƙasa, sai ya ɗauko alamomi uku da ya gani a fim ya jera, ya ce ga ƙasar? Wannan shi ne aikin lasifikar rufin ɗaki, kuma mai karatu mai hankali yana jin ƙamshin haya. Wanda ya san daga ina waƙa ta fito, da abin da masu ita suka biya, shi zai iya sa ta a labari ta yi nauyi. Wanda Allah Ya kai shi irin wannan gida kuwa, ya ci taliyarsa lafiya, amma idan muryar Dino Crocetti ta taso, ya tuna ɗan wanzami ne daga Ohio da ya shiga makaranta bai iya Ingilishi ba.

Allah Ya sa mu dace.