Ku daina ce wa ɗalibai "sai da babbar laftof"

1/ Duk ɗalibin ABU da ya ce zai fara ƙera gem, abin da ake fara ce masa shi ne: je ka PZ a Sabon Gari ka nemo laftof mai ƙarfi tukuna. Wallahi wannan shawara ta kashe basira fiye da yajin aiki. Ku biyo ni.

2/ Wajen da laftof ta hannu ke shan wuya shi ne harhaɗa wasan ya zama APK. Fanka na kuka, batir na zuba, a ɗauke wuta ana tsaka da aiki. Shi kenan, a koma farko. To dole ne a yi wannan a ɗakinka na Samaru?

3/ GitHub Actions na nan ga kowa tun 2019. Rumbun kod ɗinka in buɗaɗɗe ne, kyauta ne. In a rufe yake, kana da minti 2,000 kowane wata. Kwamfutarsu ke aikin, wutarsu ake ci.

4/ Ga yadda yake: ka rubuta fayil ɗin YAML guda ɗaya. Da ka tura gyara, sabar ta ɗauko Godot, ta harhaɗa wasan, butler ya ɗora shi a itch.io, sannan ɗan kod ɗin da ka rubuta ya sa bot na Telegram ya sanar da 'yan rukuninku. Masu Unity kuma ga GameCI.

5/ Wasu na cewa lalaci ne, wai sai ka sha wuya da hannu za ka iya. Haba Malam! Danna maɓalli ɗaya sau hamsin ba ilimi ba ne. Wanda ya rubuta matakan har inji ya bi su, shi ya fahimci aikin.

6/ Sai batun data. Gaskiya ne, ba ta da arha. Amma layukan da ka canza kawai Git ke turawa. Kwatanta da APK ɗin da muke jefa wa juna a WhatsApp: na ƙarshe, na ƙarshe 2, na ƙarshe na gaske.

7/ Mun ga Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu. Rukunin da wasansu ba ya harhaɗuwa sai a laftof ɗin mutum ɗaya, ranar da ta mutu ko aka sace ta, furojet ɗinsu ya bi ta.

8/ Abu ɗaya dai: kalmar sirri da makullin sa hannun manhaja, kar ka kuskura ka zuba su cikin kod. A Secrets ake ajiye su.

9/ Malamanmu, don Allah a sa wannan cikin abin da ake ba maki. Mu kuma 'yan uwa, kafin ka matsa wa Baba ya sayar da rago, rubuta YAML ɗin nan. Mai ja kuma bismillah, ga fili.