Ninki Ɗari da Aka Yanke wa Wutsiya: Raddi ga Masu Wa'azin "Shuka Iri"

Akwai wata magana da ke yawo a tarurrukan farkawa da shirye-shiryen talabijin da gajerun bidiyo na Facebook, har ta fara kutsawa majami'un da ake sujada da Hausa. Wai Kiristan da ya daɗe cikin talauci, ko dai bangaskiyarsa ta yi sanyi, ko kuwa yana cinye zakkar Allah. Wanda kuma ya "shuka iri" a hannun bawan Allah, Markus 10:30 ta lamunce masa ninki ɗari, naira dubu ta dawo dubu ɗari. Masu wannan koyarwa suna jingina ta da wurare uku ko huɗu a Littafi Mai Tsarki. Adalci ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake wasunsu ba su kai a ɓata musu tawada ba.

Ba a Jos ko Kaduna aka haifi koyarwar ba. Oral Roberts na birnin Tulsa a Amurka ne ya yaɗa ta, musamman da littafinsa na 1970 kan irin bangaskiya. Gloria Copeland ta zo a 1978 ta buga lissafin ƙiri-ƙiri, cewa mai ba da dala goma zai karɓi dubu. A Najeriya kuwa, Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ne ya buɗe wa wa'azin wadata ƙofa. Ko MMM da ta cinye kuɗin jama'a a 2016 ba ta yi wannan ƙarfin hali ba, domin kashi 30 cikin ɗari kawai ta yi alkawari a wata.

A fara da ginshiƙin, wato Markus 10. Duk wanda ya buɗe surar daga aya ta 17 zai ga abin mamaki. Wani mai dukiya ne ya zo wurin Yesu yana neman rai madawwami, aka ce masa ya sayar da mallakarsa ya ba matalauta, ya juya ya tafi da baƙin ciki. Matalauta aka ce, a lura, ba mai wa'azin ba. Daga nan Ubangiji ya kawo misalin raƙumi da kafar allura don nuna wahalar shigar mai arziki mulkin Allah. Sai Bitrus ya tuna masa cewa su sun bar kome sun bi shi. Amsar wannan ce aya ta 29 da ta 30. Surar da ta fi kowace gargaɗi kan son dukiya, ita aka mayar takardar neman dukiya!

Sannan me aka ce za a ninka? Ayar ta lissafa gidaje, 'yan'uwa maza da mata, uwaye, 'ya'ya da gonaki. In lissafin kasuwa ake nufi, to wanda ya bar uwa ɗaya sai ya sami uwaye ɗari da suka haife shi ke nan, abin da ko mai wa'azin bai taɓa faɗa ba. Ma'anar a fili take ga duk wanda ya san ikkilisiyar Arewa. Mutumin da danginsa suka juya masa baya saboda bangaskiya yakan sami ɗaki a gidan dattijo, tuwo daga zumuntar mata, 'yan'uwa a duk garin da ya sauka. Wannan ne ninkin da aka yi alkawarinsa, kuma ana ganinsa.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda ake tsayar da karatun. A cikin ayar nan, kafin a kai ga rai madawwami, Yesu ya haɗa alkawarin da tsanani. Mai makirufo yakan ɗaga murya a kan gidaje da gonaki, jama'a su amsa da amin, sai ya rufe littafin. Da ya ƙara ayoyi huɗu, da ya tarar da Yesu a hanyar Urushalima yana gaya wa almajiransa yadda za a yi masa ba'a, a yi masa bulala, a kashe shi.

In talauci shaidar raunin bangaskiya ne, to jerin masu rauni zai ba da kunya. Yusufu da Maryamu sun kai hadayar tsuntsaye biyu a Haikali (Luka 2:24), wadda Littafin Firistoci 12:8 ya keɓe wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Bitrus ya shaida wa gurgu a ƙofar Haikali cewa ba shi da azurfa ko zinariya. Bulus, a 2 Korintiyawa 11, ya ƙirga bulala 39 har sau biyar, dukan sanda sau uku, jifa da duwatsu, hatsarin jirgin ruwa sau uku, ga yunwa da ƙishi da sanyi. Ikkilisiyar Urushalima kanta sai da aka yi mata karo-karo, kuma 'yan Makidoniya da suka yi fice wajen bayarwa, Bulus ya ce cikin matsanancin talauci suke.

Ba sai an tafi nesa ba. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ne, wato EYN. A Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikkilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. A Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, aka kashe shi, bayan ya fito a bidiyo yana nuna cewa ya bar al'amarinsa a hannun Allah. Wane iri ne waɗannan suka kasa shukawa? Mai wa'azin ninki ɗari ya je sansanin 'yan gudun hijira ya maimaita hujjarsa a gaban gwaurayen, in yana da fuskar yi.

Wuri na biyu da suke jingina da shi shi ne Malakai 3:10, ayar tagogin sama. Annabin yana magana ne da Yahudawan da suka dawo daga bauta, lokacin da Lawiyawa ke barin hidimar Haikali suna komawa gona saboda an hana su rabonsu, kamar yadda Nehemiya 13:10 ya nuna. Zakkar abinci ce, hatsi da mai da dabbobi. Maimaitawar Shari'a 14 ma ta ce a kowace shekara ta uku a ajiye ta a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Gwauruwar da shari'a ta sa cikin masu ci, yau ita ake tsoratarwa da la'ana har ta sayar da akuyarta. Babu mai hankalin da ke hana zakka ko baiko. ECWA da COCIN da sauran ikkilisiyoyi da su suka gina majami'u suka riƙe ma'aikata. Amma 2 Korintiyawa 9:7 ta ce a bayar da daɗin rai, ba bisa tilas ba.

Na uku, 3 Yohanna aya ta 2. Gaisuwar buɗe wasiƙa ce zuwa ga wani Gayus, ana yi masa fatan lafiya da zaman arziki, irin wadda kowa ke rubuta wa abokinsa. Ba a gina koyarwa a kan gaisuwa.

Sai su ce Ibrahim mai arziki ne. Haka ne. Li'azaru na ƙofar mai arziki kuma matalauci ne, kuma shi aka kai wurin Ibrahim ɗin.

Abin dariyar, wasu daga cikin manyan gidan sun riga sun janye. Jim Bakker, wanda kotun Amurka ta ɗaure a 1989 kan damfara, ya fitar da littafi a 1996 yana cewa ya yi kuskure a wannan koyarwa. Kenneth Hagin, da yawancin masu wa'azin wadata ke kira ubansu, ya rubuta The Midas Touch a 2000, inda ya ƙi yarda da ɗaukar ninki ɗari a matsayin lissafin kuɗi. Masu ci gaba da buga lissafin a kan mumbari sai su fara amsa wa Hagin tukuna.