Rigakafi da tarihin kisan Yahudawa: ina kwatancin ya dace, ina ya wuce gona da iri?

A duk lokacin da hukumomi suka kafa dokar kiwon lafiya, kama daga tilasta rigakafi zuwa rufe iyaka, akan samu masu cewa ana nufin hallaka wata al'umma ne. A Turai da Amurka, misalin da aka fi kawowa shi ne kisan ƙare-dangin da gwamnatin Hitler ta yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Wannan muhawara ta shafi garuruwa irin su Illela da ke jihar Sakkwato, inda dubban mutane ke tsallakawa zuwa Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar domin kasuwa da zumunci, kuma inda ma'aikatan lafiya suka shafe shekaru suna ɗiga wa yaran matafiya maganin shan-inna.

Tambayar ita ce, yaushe ne tarihin 'yan Nazi yake zama hujja a kan batun lafiya, yaushe kuma yake zama hanyar tsorata jama'a?

Tauraro mai ruwan ɗorawa

A watan Satumban 1941, gwamnatin Jamus ta tilasta wa duk Bayahuden da ya kai shekara 6 ya liƙa tauraro mai launin ruwan ɗorawa a rigarsa. Alamar ta sauƙaƙa ware su, kuma daga bisani aka riƙa kwashe su zuwa sansanonin kisa irin su Auschwitz.

Da annobar korona ta ɓarke a 2020, sai aka ga masu zanga-zangar adawa da dokokin kulle a Jamus suna sanya irin wannan tauraro, da rubutun da ke nuna ba a yi musu allura ba. Hukumomin birnin Munich sun haramta hakan a wuraren zanga-zanga a shekarar. A 2021 an sake ganin alamar a Faransa, lokacin da aka fito da takardar shaidar rigakafi.

A Amurka, 'yar majalisar wakilai Marjorie Taylor Greene ta kwatanta dokar sanya takunkumin baki da hanci da abin da aka yi wa Yahudawa, a watan Mayun 2021, sannan ta nemi afuwa bayan 'yan makonni. A Janairun 2022 kuma Robert F. Kennedy ƙarami, wanda aka naɗa sakataren lafiya a 2025, ya ambaci Anne Frank, yarinyar da ta ɓuya wa 'yan Nazi kafin ta mutu a hannunsu, a wani gangamin adawa da rigakafi. Shi ma ya ba da haƙuri.

Hukumar da ke kula da gidan tarihin Auschwitz ta yi tir da irin waɗannan kalamai. Hujjar masu sukar ita ce, wanda ya ƙi allura yana da zaɓi, yana iya zuwa kotu, yana iya sauya ra'ayi. Bayahude a ƙarƙashin Hitler ba shi da ko ɗaya, domin haihuwarsa ce laifinsa.

Inda tarihin ya yi aiki

Sai dai akwai wurin da darasin zamanin Nazi ya shiga harkar lafiya ta ƙofar gaba, kuma mutanen Kano ne suka ci moriyarsa.

Bayan yaƙin, an gurfanar da mutane 23, 20 daga cikinsu likitoci, a birnin Nuremberg, bisa laifukan da suka haɗa da gwaje-gwaje a jikin fursunoni. An yanke wa 7 hukuncin kisa a watan Agustan 1947. Daga shari'ar ne aka samu ƙa'idoji 10 da ake kira Ƙa'idojin Nuremberg, waɗanda ta farkonsu ta wajabta samun yardar mutum kafin a yi gwajin magani a jikinsa.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutane 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 gwajin ya shafa, kusan rabinsu aka ba Trovan, sauran kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu.

Iyalan yaran sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Pfizer ya musanta, yana mai cewa ya samu amincewarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran.

A Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a New York ta yanke hukuncin cewa iyalan suna da ikon ci gaba da ƙararsu a Amurka, inda ta dogara da Ƙa'idojin Nuremberg a cikin hujjojinta. A shekarar ce Pfizer ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da amsa laifi ba.

Abin lura shi ne, iyalan ba su ce an yi musu irin abin da aka yi wa Yahudawa ba. Ƙa'ida guda suka riƙe, suka kawo sunaye da wuri da lokaci, suka nemi kotu ta duba.

Kauce wa shan-inna

Abin da ya faru a 2003 ya sha bamban. A shekarar ce Dokta Ibrahim Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Najeriya, ya yi zargin cewa an gurɓata maganin shan-inna da sinadaran hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin.

A nan ma an ambaci sunan Hitler, kuma ma'anar ɗaya ce: ana shirin rage yawan wata al'umma ta hanyar magani. Raɗaɗin Trovan da yaƙin Iraƙi, wanda aka fara a watan Maris na shekarar, sun sa zargin ya samu shiga. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kano ba ta koma rigakafin ba sai a ƙarshen Yulin 2004, bayan gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince da maganin da aka yi a Indonesiya. Amma ɓarna ta riga ta afku. Yawan yaran da cutar ta kama a Najeriya ya tashi daga 202 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, kuma ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har da Sudan da Yaman da Indonesiya.

A Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, galibinsu mata. Masu lura da al'amura na ganin nan ne hatsarin yake: idan aka gamsar da mutum cewa mai ɗauke da akwatin magani makashi ne, to an ba shi dalilin far masa.

Darasi daga kan iyaka

Mazauna Illela sun san cewa dokar gwamnati tana iya cutarwa. An rufe iyakar a Agustan 2019 domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa, dokokin korona suka ƙara tsananta rufewar a Maris 2020, ba a buɗe ta ba sai a watan Disamban shekarar. An sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Dillalan dabbobi da direbobi da 'yan dako sun ji a jikinsu.

Haka nan akwai tambayar da iyaye a arewa suka daɗe suna yi: me ya sa ake kawo maganin shan-inna kyauta har ƙofar gida, alhali na zazzaɓin cizon sauro sai an saya?

Waɗannan ƙorafe-ƙorafe ne da ake iya aunawa, a kuma nemi amsarsu daga hukuma. Kiran su kisan ƙare-dangi yana ba hukuma damar yin watsi da su baki ɗaya.

A ɗaya ɓangaren, maniyyatan yankin suna karɓar rigakafin sanƙarau da shawara da Saudiyya ta sharɗanta kafin tafiya aikin Hajji, ba tare da wata hayaniya ba. Wannan na nuna cewa matsalar ta fi karkata ga wanda ya kawo dokar da yadda ya bayyana ta.

Tarihin shan-inna ma ya tabbatar da haka. Al'amura sun sauya ne bayan da sarakunan arewa, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamitin tallafa wa rigakafi a 2009, hakimai da masu unguwanni da limamai suka shiga aikin. A Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Duk da haka, a shekarun da suka biyo baya an ci gaba da samun wani nau'in ƙwayar a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Don haka muhawarar ba ta ƙare ba, kuma yadda za ta kaya ya dogara ne da ko hukumomi za su riƙa amsa tambayoyin iyaye da gaskiya, su kuma masu suka su riƙa kawo hujjar da za a iya bincika, kamar yadda iyalan yaran Kano suka yi.