Akori-kurar da ba ta son kaya

Wani ƙanena mai harkar hatsi ya turo mini takardar da dillalin mota ya ba shi, wai yana neman shawara. Zai rabu da tsohuwar akori-kurarsa ya sayi Hilux mai ƙofa huɗu, dillalin kuma ya jero masa kayan ƙarin da za a saka wa bayan motar, kowanne da kuɗinsa: shimfiɗar roba mai rufe cikin bodi, murfi mai naɗewa, wani lanƙwasasshen ƙarfe a bayan gidan direba, ƙananan fitilu, da abin da ke tallafar ƙofar baya ta sauka a hankali. Ya ce, "Yaya, ka ga yadda ta haɗu?" Na ce masa ya koma da tef ɗin awo tukuna. Tun ranar raina yake a ɓace, don na san ba shi kaɗai ake yi wa wannan ba.

Mu fara da awon. Bayan Hilux mai ƙofa huɗu, samfurin da ya fito a 2015, tsawonsa mita ɗaya da rabi ne da 'yan kai. Mai ƙofa biyu tana da wajen mita 2.3. Akori-kurar Peugeot 504 da iyayenmu suka ci kasuwa da ita tana da kusan mita 2. Wato tun kafin a ƙara komai, kujerun baya sun riga sun cinye wurin kaya. Sai a zo da murfi mai naɗewa, wanda akwatin da yake naɗewa a ciki ke zaune a gaban bodin, ya sake cin fiye da taƙi guda. Zurfin bodin kuwa bai kai rabin mita ba, don haka muddin ana son murfin ya rufu, lodi ba zai wuce bakin bodi ba. Wane mai hatsi ne ya taɓa tsayar da lodinsa a bakin bodi?

Nauyi ma haka. Idan an ce mota tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, har da direba da fasinjoji da duk ƙarfen da aka ɗaura mata ake nufi. Ƙarti biyar masu kilo 70 sun tafi da kilo 350. Abin da ya rage bai cika buhu bakwai na masara mai kilo 100 ba, kuma ba a cire nauyin murfi da ƙarfen ado ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙugiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dawanau ko kasuwar Dandume ana lodi ya san yadda ake yi. Tsofaffin motocin nan suna da ƙugiyoyi jere a wajen bodi, hagu da dama har ƙofar baya. Buhuna su tashi sama, a jefa tamfol, yaron mota ya wurga igiya ta ƙetara, ya maƙala, ya taka taya ya ja da ƙarfinsa, ya sake wurgawa. Kafin direba ya gama lissafi da ɗan kamasho an ɗaure tsaf, kuma kayan nan ba za su motsa ba ko hanya ta fi haka ramuka. A sabuwar ta 'yan gayu an shafe wajen bodin sumul don fenti ya yi ƙyalli, an mayar da wurin ɗauri ciki, 'yan zobba kaɗan. Da ka jera buhu sahu ɗaya ka binne su. Ga layin ƙarfen murfi ya hau bakin bodi, ko inda igiya za ta kama babu. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayi mota ta miliyoyi, mako bai zagayo ba yana Panteka ana yi masa waldar ƙugiya a kan sabon fenti. Toyota ba ta daina ƙera mai ƙugiyoyin waje ba, tana nan cikin samfurin masu aiki. Ita ce dai ba a ajiyewa a gaban shago, don ba a samun ribar kayan ƙari a kanta.

Shimfiɗar robar ma a yi hattara. Irin wadda ake ɗorawa kawai, yashi da ruwa suna shiga ƙarƙashinta, tana goga fenti a ɓoye, idan kuma taki ya zube ya bi ta nan, tsatsa za ta yi aikinta ba wanda ya gani. Wadda ake fesawa ta manne da ƙarfe ta fi. A da, katako ake jerawa, idan ya ruɓe kafinta ya sauya.

Wannan yayi daga Amurka ya taso, inda akori-kura ta zama motar kai yara makaranta. Ram ta fito da akwatunan ajiya a gefen bodi a samfurin 2009, GMC ta kawo ƙofar baya mai buɗewa salo shida a samfurin 2019, Ford kuma ta sa wa F-150 soket ɗin lantarki a bodi a samfurin 2021. Wannan na ƙarshen kam, a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, da hannu biyu zan karɓa. Kuma na yarda sabuwar mota ta fi tsohuwa birki da kariya idan aka yi haɗari, murfi kuma yana tsare kaya daga ruwa da masu dogon hannu.

Sai dai a nan gida, wa ya lalata kasuwar? Masu mulki. Su ne manyan masu sayen sababbi, kuma ba don kaya suke saye ba, don rakiya ne: jiniya, baƙin gilashi, benci biyu a baya. Abin da suke so shi dillali ke shigowa da shi, shi ne kuma bayan shekaru ke gangarowa hannun manomi a matsayin ta hannu. An yi wa jaki kayan hawan sallah, sannan ana mamakin ya kasa kai taki gona. Masu bin wannan shafi sun gaji da jin ina ambaton kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, amma sai na sake faɗa: lokacin da ake haɗa akori-kura a ƙasar nan, ɗan kasuwa da manomi ake dubawa, kuma makaniken kowane ƙauye ya san cikinta. Yau ma'aikatar da ke cewa tana tallafa wa noma za ta yi odar motocin aikin gona da kuɗin jama'a, ta biya na murfi da fitilu da ƙarfen ado, ba wanda zai rubuta a takardar kwangila tsawon bodi mita nawa ne ko buhu nawa zai ci. Duk jami'in da ya sa hannu a irin wannan takarda, a kai shi Dawanau da motar, a ba shi igiya, a ce ya ɗaure.