Raddi ga Mai Neman a Raba Rubutun Hausa Gida Biyu

Kwanan baya a nan Junju, wani mushe da ya daɗe yana koyarwa a lakwal ya faɗi maganar da ta hana ni barci. Wai tunda kundin da hukuma ta fitar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa ta zama harshen ƙasa, to Nijar ta watsar da ƙa'idar rubutun da ake da ita, ta koma rubuta Hausa da tsarin Faransanci: "ou" a gurbin "u", "tch" a gurbin "c". Hujjojinsa huɗu ne. A taƙaice, so yake a rushe gini don bai koyi hawan bene ba.

Hujjarsa ta farko, wai ƙa'idar nan ta Najeriya ce, aro muka yi. Haba malam! Ina ka karanta haka? Gaskiya ne Turawan Ingila suka fara tsara boko, kuma a Zariya ya yi ƙarfi, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Amma labarin bai tsaya nan ba. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki, kuma da Nijar aka zauna. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1980 masanan ƙasashen biyu suka daidaita ƙa'ida ɗaya. A wane gari? A Yamai, malam, a babban birninmu! Sannan a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙuduri ta tabbatar da haruffan da hannunta. Abin da aka yanka a tsakar gidanka, da wuƙarka, yaya za ka kira shi naman maƙwabci? Ko haruffanmu ba a tilasta mana mu bari ba: muna rubuta "ƴaƴa" da ƙugiya, a Sakkwato suna rubuta "'ya'ya", kuma ba wanda ya taɓa ɓata hanya saboda haka. In aro kake ƙyama, to "ou" da "tch" daga kakan wa ka gada? Abin takaici ne mai alli a hannu ya tsaya gaban jama'a da wannan magana ba tare da ya buɗa takarda ko ɗaya ba.

Ta biyu, wai ƙasashe masu magana da harshen Fotugal sun gwada haɗa rubutu, abin ya gagara. Nan malam ya ɗauko sandar dukan kansa. A 1911 Fotugal ta gyara rubutunta ita kaɗai, ba ta shawarci Birazil ba, harshe ɗaya ya wayi gari da rubutu biyu. An yi yarjejeniya a 1945, Birazil ba ta bi ba. Aka sake zama a Lizbon a 1990, ƙasashe bakwai suka sa hannu, amma sai 2016 sabon rubutun ya zama tilas a Birazil, Angola kuwa ta ja da baya. Sama da shekara ɗari suna ɗinkin rigar da aka yaga a rana ɗaya. Mu tamu ba ta yage ba, kai kuma kana miƙo almakashi.

Ta uku, wai yaranmu sun saba da haruffan Faransanci, ga shi da su suke aika saƙo a waya. To rubuta mini "baƙi" da "baki" da tsarin nan naka, ka bambanta su. Rubuta "ƙasa" da "kasa", "ɗa" da "da". Faransanci ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Yaron da ya iya rubutun harshen da ba a yi masa rarrashi da shi ba, nasa ne zai gagare shi?

Ta huɗu, wai karin harshenmu zai ɓace cikin na Kano. Rubutu ba ya ɗaure harshe. Tun yaushe ake rubuta "fara", mu kuma muna cewa "hwara"?

Sauran abin da ya kawo bai kai a tsaya a kansa ba.

Mu da ke gaɓa mun fi kowa sanin abin da za a yi asara. Daga Gaya zuwa Kamba tafiyar ɗan lokaci ce, Malanbil kuwa gada ce kawai tsakani. Auratayya muke, kasuwa ɗaya muke ci, littafin da aka buga a Zariya ana karanta shi a Karakara da Zabori ba tafinta. In aka bi ta malam, ɗa zai rubuto wasiƙa daga nan, kawunsa a Birnin Kabi ya nemi mai fassara. In kana son ganin tsarin da kake kira gare shi, duba allon bakin garin nan: Dioundiou, harufa tara, ba Bahaushen da zai karanta shi daidai in bai shiga lakwal ba. Garin sunansa Junju. Haka za mu rubuta shi.