Kafin Layya Ta Nutse Cikin Damina, Mu Ƙera Wa Yaranmu Ɗaki Mai Taya

Muna roƙon Malam Edita ya ba mu fili mu yi tsokaci a kan wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce ta wurin kwanan yaranmu 'yan rakiya a nan Libreville.

Jama'a, mu fara da lissafin wata, domin a nan gizo ke saƙar. Kowa ya san shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya, saboda haka Babbar Salla kullum baya take ja. Daga 2016, da aka yi Layya a watan Satumba, har zuwa 2025, da aka yi ta a farkon Yuni, shekara goma cur ke nan Allah yana haɗa mana kasuwar raguna da ranin Gabon, wato tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da sama ke ɗaukewa. To, wannan sauƙi ya ƙare. Layyar 2026 ƙarshen Mayu ce, ta 2027 da ta 2028 ma cikin Mayu, ta 2029 da ta 2030 da ta 2031 cikin Afrilu, daga nan sai Maris. Duk wanda ya yi shekara ɗaya a garin nan ya san abin da Maris da Afrilu ke nufi. Ruwan da ke sauka a Libreville ya kai milimita 2,800 a shekara, kusan ninki uku na abin da Kano ke samu. Ruwa ne da ba ya sallama, kuma ba ya duban agogo.

Matasan da suka shigo sana'ar nan kwanan baya ba su san wannan ba, amma mu da furfura ta fara kamawa mun sani. Mun ga Layyar 2011 a Nuwamba, mun ga ta 2012 da 2013 da 2014 a Oktoba, a tsakiyar ruwa. A ta 2013 muna da wani yaro, ɗan ƙanwar abokin cinikinmu, wanda ya rako raguna tun daga Ngaundere. Kwana sha shida yana kwana ƙarƙashin mota a kan buhun dusa, rigarsa ba ta taɓa bushewa ba. Ana saura kwana uku Salla zazzaɓi da ciwon haƙarƙari suka kayar da shi. Ragunan sun sayu, riba ta samu, amma yaron sai da ya yi wata biyu a kwance, kuma har yau in sanyi ya shigo yana jin abin a ƙirjinsa. Ranar da muka je gaida mahaifiyarsa ba ta ce mana komai ba sai sannu da hanya. Wallahi da zaginmu ta yi da ya fi mana sauƙi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Rago muna saya masa tamfol, muna yi masa allura, muna tashi tsakar dare mu duba ko ya ci. Yaron da ke gadinsa kuwa sai mu ce ai namiji ne. Mu kanmu muna kwance a ɗakin mai masauki da fanka. Tun muna Islamiyya malamanmu suka karantar da mu cewa wanda ke aiki a ƙarƙashinka amana ne, kuma za a tambaye ka. Albashi kaɗai bai sauke wannan nauyi ba.

Shawararmu ita ce kowane rukunin fatake, mutum huɗu ko biyar da ke haɗa mota, su ƙera 'yar ƙaramar tirela ta kwana, wadda a-kori-kura za ta iya ja. Ɗaki ne mai taya biyu, mai ɗaukar mutum biyu ko uku a kwance, da gidan sauro, da wurin ajiye tufafi da takardu inda ruwa ba zai taɓa su ba. Turawa suna yin irinta domin yawon shan iska. Mu larura ce ta sa.

Wani zai ce, me ya hana a kafa rumfa ko a ajiye kwantena? Amsa ita ce filin da muke tsayawa da dabbobi a garin nan ba namu ba ne. Aro ne ko haya, kuma hukuma na da ikon ta ce a tashi a koma wani wuri duk ranar da ta ga dama. Abin da ka kafa a ƙasa ka bar shi ke nan, abin da ke kan taya kuwa sai ka ɗaura ka bi garkenka. Tamfol kuma yana tare ruwan sama, amma ba ya tare wanda ke malala a ƙasa, kuma shi ne ke shiga jiki. Bugu da ƙari, daga Libreville zuwa Bitam kusan kilomita 600 ne, ta Ntoum da Kango da Ndjole da Mitzic da Oyem, kafin a kai kogin Ntem a Eboro. In mota ta lalace a dajin nan, ko takarda ta tsaya a bakin iyaka, kwana biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Mai ɗaki a bayan motarsa ya huta da neman masauki.

To amma fa a yi hattara, domin mu mun riga mun ƙone hannu. Ta farko da muka yi, da ido muka yi ta. Muka je wurin mai walda muka ce masa a yi mana mai ƙarfi, shi kuma ya zuba ƙarfe kamar zai ƙera gada. Kafinta ya kawo jan katako mai nauyi. Wani daga cikinmu ya ce a ɗaga rufin yadda mutum zai iya tsayuwar salla a ciki, aka ɗaga. Aka sa tayoyin a tsakiya daidai, aka ɗora duron ruwa a can baya. Ranar da muka fita da ita, muna gangara tsakanin Ndjole da Bifoun sai ta fara kaɗa gindi, dama da hagu, tana jan motar da kanta. Kafin direba ya ankara ta kife a gefen hanya. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Laifin namu ne, mu da muka fara aiki ba takarda ba awo. Hausawa suka ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, shi ya sa muke ba da labarin.

Ga abin da muka koya, wanda muka bi a ta biyu, kuma tana nan tana aiki.

Na farko, nauyi. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi tun yarjejeniyar hanya ta Viyana ta 1968 ita ce, tirelar da ba ta wuce kilo 750 da kayanta ba, ita ce ƙarama, mai lasin ƙaramar mota na iya janta, kuma ba dole sai da birkin kanta ba. Da ta haura haka, magana ta sake. Saboda haka kafin a sayi ƙarfe ko ɗaya, a zauna da biro a rubuta 750 a saman takarda, a riƙa cirewa. Mu mun ware kilo 200 ga ƙarfen ƙasa da aksul da tayoyi, 150 ga gini da rufi, 100 ga ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, 100 ga katifa da tukwane da abinci. Abin da ya rage muka bar shi sarari. Kada a cike shi.

Na biyu, girma. Katakon nan na falle-falle da kafintoci ke kira filawud yana zuwa da tsawon santimita 244 da faɗin 122. A gina ɗakin a kan wannan awo, a huta da yanka da ɓarna: tsawo falle guda, tsayin bango faɗin falle guda, faɗin ɗakin kuma wajen mita ɗaya da rabi. Mutum zai zauna, zai kwanta, ba zai miƙe tsaye ba. Doguwar tirela iska ke kamawa, kuma ita ke kifewa a kwana. Maganar salla da girki, a ɗinka tamfol a gefen rufi da sanduna biyu, in an tsaya a buɗe ya zama rumfa.

Na uku, katako. A nan Allah ya yi mana gata, domin muna zaune a ƙasar okume, icen da duniya ke nema saboda rashin nauyinsa. Tun 2010 Gabon ta hana fitar da gungumen katako ba a sarrafa shi ba, kuma a Nkok, kilomita 27 daga gari, masana'antu na feraye shi. Fallen okume mai kaurin milimita 9 bai kai kilo 15 ba. Irin su azobe kuwa a ruwa ma nutsewa suke yi, a bar su ga masu gada. Sai dai okume ba ya jure laima in ba a kare shi ba. A nemi wanda aka manna da gam mai jure ruwa, a shafe shi da fenti ciki da waje, musamman bakin yankan, domin ta nan ruwa ke shiga ya ɗaye shi. A rufa kwano a sama, ya zarce bango kaɗan. Ƙarfen ƙasa ma a yi masa jan fentin hana tsatsa kafin a ɗora komai, domin iskar teku ba ta raga wa ƙarfe.

Na huɗu, kuma shi ne ya kayar da mu, wurin zaman taya. Aksul ya zauna bayan tsakiya kaɗan, kashi shida cikin goma na kaya su kasance gaba da shi. Wuyan tirela, wato ƙarfen da ke maƙale da mota, ya danna ƙasa da wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinta duka. In tana kilo 600, a ɗora wuyan a kan sikelin awon buhu, a ga wajen kilo 60. In mutum zai iya ɗaga wuyan da yatsa biyu, to kada a fita da ita. Jarkokin ruwa su zauna a ƙasa, kusa da aksul, a ɗaure. A zaɓi taya irin ta motar da za ta ja, yadda safaya ɗaya za ta ishi duka biyun. A sa sarƙa bayan ƙugiya, ko da ƙugiyar ta kuɓuce. Kafin kowace tafiya a duba giris a boris.

Na biyar, takardu da fitilu. Fitilar birki, da sigina, da lamba a baya, da inshora. A je ofishin sufuri a tambayi abin da suke bukata tun ba a kunna walda ba, a kuma riƙe rasidin duk abin da aka saya. Wasu na cewa tirela za ta ƙara mana tsayuwa a shingaye. Gaskiya ne za a tambaya, amma mu da ke yawo da takardar likitan dabbobi da ta kwastan da katin zama, ƙarin takarda ɗaya ba za ta karya mana wuya ba.

Akwai kuma haramun guda uku da ya kamata a rubuta a jikin ƙofa. Ba a shiga da murhun gawayi ko risho ciki, komai sanyi, domin gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba. A bar taga biyu masu raga suna kallon juna, a buɗe ko ana ruwa. Ba a ɗaukar mutum a ciki mota na tafiya. Na uku kuwa, mun san halinmu: ranar da mota ta cika, wani Alhajin zai leƙa ɗakin ya ce ai rago huɗu za su shiga. Alhaji, don Allah a yi haƙuri. Ranar da rago ya kwana a ciki, yaro ya koma ƙarƙashin mota.

Wani dattijo da muke girmamawa ya ce mana, iyayenmu da ƙafa suka koro shanu cikin dajin nan, wa ya ƙera musu ɗaki? Baba, gaskiyarka. Amma kai ma ka san waɗanda suka tafi ba su komo ba, kuma da sun sami abin da muka samu da ba su ƙi ba. Wani kuma ya ce in yaro ya ji daɗin katifa ɓarawo zai kwashe raguna. Ai wanda ya yi kwana goma bai runtsa ba shi ne barci ke sacewa a tsaye. A raba dare biyu, ɗaya na gadi ɗaya na barcin kirki, a ga wanda zai fi tsare dukiya.

Batun kuɗi, tamu ta biyu ba ta ci kuɗin bijimi biyu ba, kuma mu biyar muka haɗa. Rago nawa ke mutuwa a hanya mu ce ƙaddara mu wuce? Abin da muke roƙon shugabanni shi ne, a taro mai zuwa a sa maganar nan cikin ajanda, a zaɓi mutum uku da suka san mota su zauna da mai walda da kafinta su fitar da zane guda a takarda, da awo da nauyi, a buga shi a wannan mujalla kowa ya samu. A ƙera guda ɗaya ta gwaji da kuɗin asusu, a ɗora mata buhunan yashi a ja ta zuwa Kango a dawo kafin a ce ta yi. Tamu tana nan, duk mai son ganinta da auna ta bismilla.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Mai walda ba ya samuwa ana saura mako biyu Salla, fenti kuma ba ya bushewa cikin ruwa, saboda haka ranin nan na Yuni zuwa Satumba shi ne lokacin aiki.

Allah ya tsare mu da yaranmu a hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya sa mu sauke haƙƙin da ke wuyanmu. Wassalam.