A Saki Littattafan Da Aka Buga Da Kuɗin Jama'a

A cikin shekarar 2019 ne ƙasashen Ƙungiyar UNESCO, har da Nijeriya, suka amince a birnin Paris cewa ya kamata a saki kayan koyarwa da aka yi da kuɗin jama'a, watau kowa ya sami iznin kwafarsu da fassara su da sake buga su, ba tare da biyan ko kwabo ba. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe shirin Nigeria Learning Passport, inda yara ke samun darussa kyauta ta wayar hannu.

Wannan abin yabo ne, amma fa da sauran rina a kaba. Ɗan mai sayar da goro a unguwar Sabo ta Badun, ko ɗan mahauci a Agege, ba kullum yake samun waya ba, balle wutar lantarki. Littafi yake bukata a hannu. Shi ne kuma ke cikin hatsarin tashi bai iya karanta harshen iyayensa ba, domin da wuya a ga littafin Hausa a makarantarsa.

Saboda haka wajibi ne hukumomin NERDC da UBEC da ke Abuja su rubuta wannan izni ɓaro-ɓaro a bangon kowane littafin firamare da sakandare da aka biya daga baitulmali. In an yi haka, sai Sarakunan Hausawa na Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa kuɗin takarda, a buga wa yara a maɗaba'ar unguwa. Nijeriya ta riga ta ɗauki alkawari, kyan alkawari kuwa cikawa.